Ranar da Aka Juye Kwarin Cindo

A can zamanin da daji ya fi gari yawa, tun giwaye na sauka shan ruwa a inda yanzu ake shanya hatsi, an yi wani maharbi da ake ce wa Cindo. An haife shi da yatsa shida a hannun dama, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Masu ba da labari sun ce ba ya harbin dabba ɗaya sau biyu, kuma idan ɓauna ta taso masa sai ya rikiɗa ya zama kututture, ta zo ta sosa jikinta da shi ta wuce. Ni dai ban gani ba. Na ji ne daga bakin tsofaffin Tungar Cindo, shekarar da damina ta tsare ni a can ina yawon karatu. Na rubuta a lokacin, gara ta cinye takardun, abin da ya saura a kaina kuma ya fara zuba. Inda na manta zan faɗa.

Cindo ya tashi ne a hannun Barmo, Sarkin Bakan garin Dargaza, shugaban duk maharban wannan yanki. Ƙarfin Barmo ba a damtsensa yake ba, a tukunya yake. Kibiyar da ba dafi ko gada ba ta kayarwa sai an yi sa'a, balle zaki. Dafin kuwa Barmo kaɗai ya san haɗinsa. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, yakan shiga wata bukka a bayan gari ya rufe, ya dafa tsire-tsire masu dafi, kwankwani da tinya, da waɗansu abubuwa da ba wanda ya sani. Maharba su jeru a waje, kowa ya miƙa kibiyoyinsa a tsoma masa. Ladan tsomawa shi ne ƙafar gaba ta duk dabbar da aka kashe. Mace ba ta ko bin hanyar bukkar. Makaɗansa na yi masa kirari suna cewa, "Barmo tukunyar da ba a leƙawa, mai sa wa kibiya haƙori."

Mutum ɗaya tak ake koya wa haɗin a kowane zamani, wato wanda zai gaji sarautar, shi ma sai ya dafa bakan harbi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Wanda ya karya rantsuwar hukuncinsa sananne ne. A juye kwarinsa a ƙasa a gaban jama'a, a kakkarya kibiyoyin, a tura shi cikin kurmi hannu wofi wurin dabbar da ta gagari kowa, ya fito da wutsiyarta in zai iya. Ba a taɓa jin wanda ya fito ba. Cindo ne Barmo ya zaɓa, ya rantse, ya koya.

Wata shekara mutanen wata 'yar unguwa ta magina tukwane suka yi jinkirin kawo ƙafar gaba, Barmo ya hana a tsoma musu kibiya. A ranin nan zaki ya gane unguwar. Ya fara da awaki, ya koma kan mutane. Wani magidanci ya fita masa da kibiya ba dafi, da yamma aka tsinci bakansa da takalminsa ɗaya.

Cindo ya durƙusa gaban Barmo ya ce, "Maigida, mutanen nan sun horu. A tsoma musu."

Barmo ya ce, "Bari su ji a jikinsu. Baɗi za su zo da wuri."

Cindo ya tashi ya tafi shi kaɗai ya kashe zakin, ya jawo fatar har ƙofar gidan mamacin, yana tsammanin godiya. Matar mamacin, sunanta Tabawa, maginiya ce, tana zaune tana cuɗa yumɓu ko a cikin takaba, don akwai bakin ciyarwa. Ta dubi fatar, ta dubi Cindo.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baushe." Haka ake kiran maharba a can. "Wannan ka kashe. Na baɗi fa? A ƙofarmu za ka tare?"

Ta ci gaba da cuɗa yumɓunta ta ce, "Tukunyar da maigidanka ke dafa abin nan, ni na gina ta. Ashe na isa in gina, ban isa in san abin da ke ciki ba."

An ce kwana uku Cindo bai ci abinci ba. A na huɗu ya rataya kwarinsa ya zo unguwar ya ce duk mai son ya daina jiran wani ya biyo shi. Gida goma sha ɗaya suka bi shi, har da na Tabawa. Suka yi tafiyar kwana uku gabas, har suka iso wata fadama mai itatuwan kanya, suka kafa bukkoki, wurin da ya zama Tungar Cindo. Kanyar wurin nan ban taɓa shan mai zaƙinta ba, har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Amma ba zancen kanya muke yi ba.

Da kaka ta yi, Cindo ya ɗora tukunyar dafi a tsakiyar fili, da rana tsaka, ya kira maza da mata. Ya nuna musu kowace saiwa da kowane ɗan itace, ya faɗi sunansa, ya nuna makarinsa ko da wani zai yanke. Ni almajirin ilimi ne, ba zan ce karya rantsuwa abu ne mai sauƙi ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Amma rantsuwar da aka yi don a hana mutane abin da zai tsare ransu, ban san wane littafi zai tsaya mata ba. Cindo kuwa ya san abin da ya saya wa kansa, don a ranar ya ce musu, "Barmo zai zo. Ko bana, ko bayan shekara biyar. Ina so ya tarar kun iya."

Sai dai iya harbi daban, iya koyarwa daban. Da fari Cindo mugun malami ne. Idan ya fita da mutum suka ga gwanki, mutumin ya ja baka, kafin ya saki sai Cindo ya fizge bakan ya harba da kansa. Nama ya zo gida, mutum ya dawo yadda ya fita. Ran da ya yi wa Tabawa haka, ta ajiye kwarinta a ƙasa ta juya.

Ya ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Gida. Ai mai ɗaukar nama kake nema, ga jaki can."

"Da kin harba da kin kuskure."

"To ka bar ni in kuskure mana. Kai a cikin uwarka ka iya?"

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Kibiyar farko ta mai koyo ce. Shi zai tsaya a bayansa, wajen kafaɗar hagu, ba zai yi magana ba sai an tambaye shi, ba zai harba ba sai rai na cikin haɗari. Kuma duk wanda ya iya abu ɗaya, ko feƙe kyauron kibiya ne, ko murza tsarkiyar baka, ko gane sawu, to ya koya wa mutum biyu kafin a ƙara masa wani.

Shekarar farko sun sha wuya. Dabba ta tsaya a gabansu kamar an ɗaure ta, mai koyo ya harba kibiya ta bi iska, Cindo na tsaye da kibiya a baka yana kallon naman wata guda yana shigewa daji. Aka ci miyar kuka ba ko ƙashi har aka gaji. Abin bai tsaya nan ba. Akwai maƙerin tungar, Arzika, wanda ke ƙera musu bakin kibiya. Ya harbi gyado bai same shi da kyau ba, gyadon ya taso, Cindo ya jira numfashi ɗaya don ya ba shi damar harbi na biyu. Numfashin nan ya yi yawa. Gyado ya farke wa Arzika cinya, ya warke amma da ɗingishi har ƙarshen ransa.

Dattawan tunga suka taru suka same shi. Babbansu ya ce, "Baushe, mun biyo ka ne don ka tsare mu. Kai kibiya ɗaya kake yi. Ka harbo, mu ci, mu yi maka noma. Wannan wasan ya isa."

Cindo ya ce, "Ƙafar Arzika a wuyana take, ni na yi jinkiri, kuma ba zan sake tsayawa nesa haka ba. Amma in harbo ku ci, wannan ba zan yi ba. In abin da kuke so ke nan, ga hanyar Dargaza, can ma akwai mai yi muku. Ni ban baro Barmo don in zama Barmo ba."

Gida biyu suka koma. Sauran suka zauna, galibi don Arzika da kansa, da ya fara takawa, sandarsa ya dogara ya zo ya ce a ba shi bakansa, tunda ba zai iya gudu ba gara ya iya harbi a durƙushe.

A shekara ta uku nama ya fara yawa. A ta huɗu, mutum bakwai a tungar suna dafa dafinsu da kansu, kowa da tukunyarsa. Bakwai ne ko tara? Tsohon da ya ba ni labari ya lissafa su da suna, akwai wani masaƙi a ciki mai suna mai daɗi, ya ɓace mini. Mu bar shi a bakwai. A lokacin ne aka yi wa Cindo kirarin da har yanzu ake yi: "Cindo mai yatsa shida, biyar na mutane, ɗaya naka."

Barmo ya zo a shekara ta biyar, da hantsi, da maharba arba'in a bayansa. Abin da ya kawo shi, mutanen ƙauyuka sun fara zuwa tunga koyo, ƙafar gaba ta ragu a Dargaza. Ya zauna a gindin kanya, aka kira Cindo. Cindo ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba, don bai taɓa daina ganin girman wanda ya rene shi ba.

Barmo ya ce, "Ɗan nan, ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, Maigida."

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa. Da rana, a fili. Gobe ma zan faɗa."

Barmo ya miƙa hannu aka ba shi kwarin Cindo. Ya juye shi a ƙasa, ya bi kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana karyawa a gwiwarsa, ya mayar masa da kwarin wayam. Sannan ya nuna kurmin da ke ƙarshen fadamar. A cikinsa akwai wata tsohuwar ɓauna da ake ce wa Mai Tsatsa. Kibiyoyin mutanen da ta kashe suna nan kafe a gadon bayanta, idan aka yi ruwa tsatsarsu ta zubo mata ja har ƙafa. An ce dafin Barmo ma ta sha shi sau uku ta tashi.

Barmo ya ce, "Ka fito da wutsiyarta, ka wanku, tungarka ta zauna. In ba ka fito ba kafin rana ta karkata, zan fasa tukwanen nan, mutanen nan su koma inda suka fito. Kuma ba maharbin da zai ba ka kibiya ko ya bi ka."

Cindo ya rataya kwarin ya miƙe. Sai ga Tabawa ta fito daga cikin mata da bakanta, Arzika na ɗingishi a bayanta, sauran biyar na biye.

Barmo ya yi dariya ya ce, "Waɗannan fa? Maginiya da gurgun maƙeri? Su ne abin da ka sayar da ranka a kai?"

Tabawa ta durƙusa, don tana da ladabi, amma muryarta ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a faɗa mana matsayinmu. In mu maharba ne, to ga mutum bakwai masu tukunyarsu, ka san da zamansu daga yau. In kuwa magina ne da maƙera, dokar maharba ba ta hau kanmu ba, za mu shiga kurmi neman yumɓu."

Maharba arba'in suka zuba wa Barmo ido. Barmo ya gwammace komai da ya kira mace maharbiya a gaban yaransa. Ya kawar da kai ya ce, "Ku je ta haɗa da ku."

A bakin kurmi Arzika ya zaro kibiya uku zai zuba a kwarin Cindo, ya ce ai yanzu ba mai gani. Cindo ya riƙe hannunsa.

Ya ce, "Shekara biyar ina fama da ku don ku cika mini kwari? Riƙe abarka. Tabawa, wuce gaba."

Ya koma bayansu, wajen kafaɗar hagu, inda ya saba tsayawa. Bambancin yau, ko rai ya shiga haɗari ba shi da abin harbawa.

Suka bi sawu har bakin wata ƙorama. Sawun ya yi dama, a fili, ko makaho zai bi. Cindo ya kasa haƙuri, ya karya dokarsa ya ce a hankali, "Dama." Tabawa ba ta motsa ba. Ta sa yatsa ta shafi taɓon da ɓaunar ta goga a jikin wani itacen marke ta hagu, ta murza shi, kamar yadda take gwada yumɓu.

Ta ce, "Na kan sawun ya fara shan iska. Wannan ɗanye ne. Ta yi dama ta zagayo, tana nan hagu tana kallonmu."

Cindo ya duba, bai ga komai ba. Duk abin da ya sani na daji ya ce masa dama. Amma ya san bai kai ta sanin taɓo ba. Ya juya hagu tare da su.

Ba su gama juyawa ba kurmi ya tsage. Mai Tsatsa ta fito da kai ƙasa, ta nufo Cindo, don ta san warinsa. Tsofaffin sun ce a nan zai iya zama kututture ta wuce, amma in ta wuce shi kan masaƙin za ta faɗa. Sai ya tsaya a mutum, ya buɗe hannuwa, ya ba su damar harbin gefenta. Kibiyar Tabawa ta shiga ƙarƙashin ƙafar gaba. Arzika ya harba a durƙushe, sauran suka bi. Dafi kuwa ba ya aiki nan take. Ɓaunar ta iso ta ɗauki Cindo ta maka shi da marke, ta juyo za ta ƙarasa shi, ƙafafunta suka lanƙwashe, ta faɗi kanta a kan ƙafarsa.

Rana ba ta karkata ba suka fito. Mutum huɗu na ɗauke da Cindo a kan rassa, kafaɗarsa ta dama ta ragargaje. Wutsiyar na hannun Tabawa. Ta so ta ɗora masa a ƙirji, ya ce a'a, dabba ta mai kibiyar farko ce.

Barmo ya daɗe yana kallon wutsiyar. Sannan ya ce a ba shi kibiyar da ta yi kisan. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa.

Ya ce, "Wannan ba haɗina ba ne."

Cindo daga kwance ya ce, "Ba nawa ba ne ni ma, Maigida. Tabawa ce ta gyara shi tun bara. Nata ya fi kamawa."

Barmo ya ajiye kibiyar, ya miƙe ya kama hanyar Dargaza bai yi sallama ba. Da ya kai bakin fadama ya waiwaya, cikin arba'in ɗin da ya zo da su, fiye da rabi suna nan tsaye gindin kanya, suna jiran a ce musu ga inda ake zama a koya.

Cindo bai sake jan baka ba. Ya yi shekaru da yawa bayan haka, yana bin masu koyo da kwarinsa wayam a kafaɗar da ta rage masa. Da ya tsufa aka tambaye shi wa zai gaje shi, ya ƙi nuna kowa. Ya ce a ba mai so kwarin, a ga wa zai fito ya tsaya a gabansa.

Haka ake naɗa Sarkin Baka a Tungar Cindo har lokacin da na zauna a can. Mai neman sarautar ya tsaya gindin kanya da kwari ba kibiya. Waɗanda ya koya wa da hannunsa, har suka kai su fita daji ba tare da shi ba, su fito da bakansu su tsaya a gabansa. In sun cika bakwai a naɗa. Rawanin kuma yana hannun babbar mace daga zuriyar Tabawa.

Na ga an yi sau ɗaya da idona. Wani ne mai suna Jatau, maharbin da ba kamarsa a duk yankin, ya kashe damisa biyu a rani ɗaya. Ya tsaya tun hantsi har aka kira azahar. Mutum uku suka fito, ɗaya ma ƙanensa ne. Tsohuwar ta fara naɗe rawanin tana mayarwa cikin kwando.

Jatau ya ce, "Iya, wa ya ciyar da garin nan shekara goma?"

Ta ce, "Kai ne, ɗana. Mun ci, mun gode. Je ka nemo huɗu."

Ko ya nemo, ko bai nemo ba, na manta, wataƙila ma na bar garin kafin nan. Abin da na riƙe daga labarin da ya same ni daga baya shi ne, sarautar ta zauna ba kowa a kanta shekara huɗu, kuma a cikin shekarun nan ba gidan da ya rasa nama, ba zakin da ya ɗauki ko ɗan akuya.